Wandon Malam Rabo

A tashar Matameye har yau ana dariyar safiyar da wandon Malam Rabo ya zame yana tsakar gudu. Maganin kashe ƙwayoyin cuta ya sha don ciwon haƙori, jikinsa ya ƙi shi, ƙuraje suka feso, ya kwanta har ya rame. Yanzu kullum ga dattijon a hanyar Kance yana sassarfa, hannu ɗaya riƙe da ƙugu, ɗayan yana ɗaga wa mutane. Kafaɗun dai kamar na tsohon ɗan kokawa.

Ummaru tela ya ce, "Baba, kawo wandon in rage maka mana."

Ya yi murmushi yana haki. "Bar shi, yaro. Ni zan koma in cika shi."