Malam Dahiru Makanike da Tayar da Ta Yi Zafi

Ina ƙarƙashin wata mota ina juye baƙin mai, da hantsin ranar Talata, sai ƙanen Malam Dahiru ya kira ni a waya. Ya ce, "Nura, ka rufe gareji. Yaya ya cika." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kwanansa tara a kwance, mu kuwa muna ta ce wa masu motoci jibi zai fito.

Shekara shida na yi a hannunsa a nan Kankiya. Ban yi nisa a boko ba, abin da na sani na rayuwa yawancinsa a bakin garejin nan na tsince shi. Malam mutum ne mai ƙarancin magana. Idan an kawo mota, ba ya fara ɗaukar sifana. Direba yake zaunarwa ya tambaye shi: yaushe abin ya fara, da lodi ko babu lodi, wa ya taɓa ta na ƙarshe? Yakan ce mana, "In mota ta zo lafiya ta fita da ciwo, ku fara neman ciwon inda hannunku ya taɓa."

Na fahimci wannan magana ne a shekarata ta biyu. Akwai Alhaji Bishir, direban haya da ke jigilar mutane daga Kankiya zuwa Kusada. Ya kawo motarsa sabis, ni na canza mata mai, na kuma canza fatar birki ta gaba. Washegari kafin azahar sai ga shi ya dawo a fusace. Ya ce motar tana ja dama, tana wari kamar ana ƙona roba, kuma a kusa da garin Ƙofa saura kaɗan ta kai shi cikin gona da mata bakwai a ciki.

"Kayan jabu aka sa mini, Malam," in ji shi. "Mai shagon da ya sayar da kayan zan je in samu."

Da Malam ya yi shiru, da laifin ya tafi kan mai shago, ni kuma na tsira. Bai yi shirun ba. Ya ce in shiga gaba, ya ja motar da kansa, muka bi hanyar Kusada muka juyo. Da muka tsaya ya zagaya yana kai bayan hannunsa kusa da kowace taya, kamar mai duba zazzaɓin yaro. Uku lafiya lau. Ta gaba ta dama kuwa ko kusantarta ba a yi.

Ya ce, "Nura, kayan jabu ba sa zaɓar taya ɗaya su ƙona. Ɗaga ta ka duba."

Na sa jak, na cire tayar. Na duba fata, sabuwa ce mai kyau. Malam yana tsaye bai nuna mini komai ba. Na daɗe ina lalube kafin idona ya kai kan tiyon da man birki ke bi. A murɗe yake. Ni na murɗe shi lokacin da nake mayar da ƙarfen da ke riƙe fatar birki, mai yana shiga ya matse birki, amma ba ya samun hanyar komawa. Birkin tayar a riƙe yake tun jiya.

"Ka gani?" ya tambaye ni. Na ce na gani. Ya ce, "To je ka faɗa wa Alhaji da bakinka."

Na je na faɗa. Alhaji Bishir ya ce wallahi ko a kore ni ko shi ya bar garejin har abada. Ni dai na riga na fara tunanin komawa gona a garinmu Kunduru. Malam ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Alhaji, wannan ya murɗe tiyo, ya kuma gano da hannunsa. In na kore shi, wanda zan ɗauko bai murɗe nasa ba tukuna, a motarka zai koya." Alhaji ya ce to, amma kada in ƙara taɓa masa mota. Shekara huɗu ya riƙe wannan magana. In ya zo Malam ba ya nan, sai ya juya.

Malam bai taɓa tayar mini da zancen ba, ko da wasa. Abin da ya yi kawai, daga ranar duk motar da aka taɓa birkinta, ni yake ba makulli in gwada ta kafin a miƙa wa mai ita.

Ranar addu'ar uku, bayan an shafa fatiha, Alhaji Bishir ya same ni a ƙofar gida. Ya yi mini gaisuwa. Sannan ya ce, "Birkin nan yana yin laushi in na taka. Gobe za ka buɗe?" Na ce zan buɗe, Alhaji. Ya ce, "To kai za ka duba."

Allah ya jiƙan Malam Dahiru, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa. Rayukan da ya kare a kan hanya ba tare da masu su sun sani ba, Allah ya sa ya tarar da ladansu. Allah ya ba matarsa Inna Hajara haƙurin rashinsa, ya raya 'ya'yansa biyar, ya ba mu ikon riƙe su kamar yadda ya riƙe mu. Amin.