Damina Biyu da Ban Je Ganuwa Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Yuni, bayan La'asar, Allah ya karɓi ran Dokta Attahiru Yari a gidansa na Sabon Birni, yana da shekara hamsin da tara. Na Allah muke, kuma wurinsa za mu koma.

Yaya Attahiru, kai ɗan yayar mahaifiyata ne. Ka ba ni kusan shekara ashirin, don haka a bakin Inna na ji yarintarka. Ta ce idan kakanku ya kai ku kufan Alkalawa yana nuna inda Gobirawa suka tsaya wa mayaƙan jihadi har birnin ya faɗi, sauran yara sai su bazu neman kan kibiya, kai kuwa kana durƙushe gindin ganuwa kana kallon naman kaza. Ka sha duka a kan cika aljihu da shi, domin ana cewa daga kabarin mutanen da yake fitowa. Ba ka bari ba har ya kai ka jami'a, ya zama aikinka. Manoman Bafarawa da Unguwar Lalle sun san ka da koya musu wanke iri saboda ɓurtuntuna, da leƙa rumbu neman funfuna. Ko goro ba ka karɓa.

Shekara goma sha tara da suka wuce ka ba ni aiki ɗaya: in riƙa rubuta ranar da wani jan naman kaza ya fara fitowa a ganuwar Alkalawa, kowace damina. Ka ce, "Wada, kai ɗai na sani da ka rubuta rana ba a sa ka ba." Da lissafin nan kake auna yadda damina ke ja da baya.

Damina biyu ban je ba. Ɗaya Saude matata na kwance ba lafiya a Isa, ɗaya kuma hanya ba ta biyuwa. Na tambayi manoma, na ƙiyasta, na rubuta kamar na gani. Kowace shekara nakan ce za ni gaya maka, in ka zo kuma sai mu yi zancen gero.

Ranar addu'ar bakwai ɗalibarka Kubura ta nemi littafin da nake rubuta ranakun a ciki, domin da shi za ta kammala binciken da ka bari a hannunta. Na kwana biyu ina juya maganar, sannan na kai mata, na nuna mata shekaru biyun da na ƙiyasta. Ba ta yi faɗa ba, ba ta kuma ce "ba komai" ba. Ta soke su da biro, ta ce aikin zai ƙara mata damina guda.

Naman kazan bana ya fito ranar huɗu ga Yuli. Na je da ƙafata, na gani, sannan na rubuta.

Allah ya jiƙanka, ya sa ilimin nan ya bi ka, ya yafe mini abin da ban samu na roƙe ka ba. Allah ya ba Hajiya Rabi'atu da 'ya'yanka, Kassimu da Zainaba, haƙurin rashinka. Amin.