Ratse Na Ce

Jiya a tasha na ji wani kwandasta yana cewa, "Aradu mutum ɗaya ya rage," alhali motar wayam take. Sai na tuna ɗan baffana.

Gidanmu na Yalwawa gidan malamai ne, kakanmu ya hana rantsuwa. Amma a waje mu yara muna da tamu: ka lashi yatsa, ka dangwali ƙasa, ka nuna sama. Wanda ya yi haka an gama musu da shi.

Wata damina, ana gab da babbar sallah, ɗan baffan nan nawa ya kwance ragon layyar kakanmu ya kai shi karo bayan duwatsu. Rago ya dawo da karyayyar ƙafa, layya ta lalace. Da aka tara mu a zaure, sai ya nuna ni, ya lashi yatsa ya ce, "Na ratse da Allah shi ne." Kunnen kakanmu ya yi nauyi, rantsuwa ya ji. Na sha tsumagiyar tsamiya har na kasa zama.

Da muka keɓe, dariya ya yi mini. "Ratse na ce, ban ce rantse ba."

Ban kai ƙara ba, jira na yi. Na san ba abin da yake tsoro kamar tsawa. Ran da hadari ya haɗo baƙi ƙirin, iska na ɗauke da ƙamshin ƙasa, na durƙusa gaban kakanmu na ce, "Malam, a ce ya fita tsakar gida ya rantse da kwarankwatsa cewa ni na kwance ragon."

Tsoho ya daɗe yana kallona, sannan ya ce masa, "Fita."

Ya fita. Walƙiya ɗaya aka yi ya fashe da kuka, ya faɗi gaskiya. Ni aka aika in karyo tsumagiya, kuma ka yarda da ni, ban yi gaggawar zaɓe ba.

Yanzu yara na rantsuwa kamar gaisuwa, ba mai duban sama. Shi kuwa dillalin filaye ne a Dutse. Bara ya zo har gida, wai in raka shi wurin wani mai saye in shaida shi mai gaskiya ne. Na ba shi ruwa ya sha, na ce ya gaida gida.