Injin Sharar Ƙanƙara a Tandabawi

Edita, a shekarun 1960, lokacin da ake ta faɗaɗa Harami, ni matashin bakanike ne a Makka, mai ji da hannunsa kuma mai raina shawara. Mutanen Kano ne mu. Ni da yayana mun bi ta Chadi muka faɗa Sudan, inda na koyi kanikanci a jikin taraktocin gonakin auduga, daga baya muka ƙetaro teku muka zauna a unguwar Tandabawi cikin 'yan'uwanmu. Ina aiki a garejin wani Bahadrame, Balaraben Yaman, can bakin unguwar Rusaifa. Yayana kuwa mai ga-ruwa ne. Daga bazan, wato wurin ɗibar ruwa na unguwa, yake rataya garwa biyu a sanda ya hau da su gidajen kan dutse, ya sauko ya sake hawa har rana ta faɗi. Kafaɗarsa ta dama ta yi kanta ta kuma karkace, in ya kwanta sai matarsa ta gasa masa ita da ruwan zafi. Abin da nake so a duniya shi ne in ga ya ajiye sandar nan, na kuwa yi masa alkawari a gaban iyalinsa.

A bayan garejin akwai filin da ake jibge matattun injuna. Wani ɗan kwangila ya sayo tsofaffin kayan aikin hanya tuli guda daga tashar jirgin ruwa ta Jidda, aka tsinci wani inji a ciki da ba wanda ya san aikinsa, aka yar da shi nan. Girmansa bai kai ƙaramar a-kori-kura ba, yana tafiya a kan sarƙa irin ta katafila. Gabansa wani ƙaton baki ne mai murɗaɗɗen ƙarfe a kwance, bayan ƙarfen akwai fanka mai kauri, sama kuma bututu mai lanƙwasasshen wuya. Na zagaya shi na duba, na gane cewa ƙarfen na tattaro abu ne ya tura wa fanka, fanka ta cilla shi waje ta bututun. Nan take na tuna da sel, ambaliyar da ke gangarowa daga duwatsu duk sanda aka yi ruwa, ta cika lungunanmu da laka da tsakuwa, mutane su yi kwanaki suna kwasa da shebur da kwando. Na ce wa kaina wannan ai injin kwashe laka ne, Allah ne ya ajiye mini shi. Maigidana ya ce in ɗauka in rage masa tarkace, amma in san cewa ba zai riƙe bakaniken da hankalinsa ke bayan gareji ba. Na ce na ji, na ajiye masa aikinsa.

Da na faɗa wa yayana, bai yi mini faɗa ba. Ya ce in dai na ga hanya, shi zai riƙe gidansa da nawa har in gama. Ya ƙara ɗaukar wasu gidaje a can ƙololuwar dutse, waɗanda sauran masu ga-ruwa ke gudu. Ni kuma na duƙufa. Na kwance injin kaf, na jiƙa fistin da kananzir har suka saki, na kankare tsatsa, na sa maƙeri ya ƙera mini haƙoran sarƙar da suka ɓace. Ranar da injin ya fara tari ya tashi, sai da na yi hawaye. Sai dai ba ya jimawa yana aiki yake tafasa, don haka na ɗora masa lagireton babbar mota. Na kuma tarar da wani bututu da ke huro iska mai zafi daidai ƙafar direba, na yi tsaki na cire shi, ina mamakin wane mahaukaci ne ke neman ƙarin zafi. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina don wace irin ƙasa aka ƙera abin ba.

Akwai wani tsoho mai gasa gurasar tamis kusa da filin, mutumin Bukhara, wanda nake sayen karin kumallo a wurinsa. Wata rana ya leƙo ya daɗe yana kallon injin, sannan ya ce mini cikin Larabcinsa mai nauyi wannan na sharar ƙanƙara ne. Ya ce a ƙasarsu ƙanƙara na saukowa daga sama kamar auduga ta rufe hanya har ƙugu, laushi gare ta, ko yaro na iya dunƙula ta da hannu, kuma duk abin da aka yi don ita ba zai ɗauki dutse ba. Ni kuwa ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ake sayarwa dunƙule-dunƙule cikin buhu a sa a randa. Na yi dariya har da riƙe ciki, na ce baba, in har injin nan yana tauna ƙanƙara, ai laka ba za ta gagare shi ba. Ya girgiza kai ya koma bakin tanderunsa. Da yamma na ba yayana labarin a matsayin abin dariya. Bai yi dariyar ba, ya ce ko zan ƙara tambaya, tunda tsohon ya ga abin da ba mu gani ba. Na ce masa Yaya, kowa da sana'arsa, ban taɓa koya maka ɗaukar garwa ba. Har yau maganar nan tana ci mini rai.

Da na fara gwada shi a kan tulin yashi, duk sanda murɗaɗɗen ƙarfen ya ci karo da dutse sai wani ɗan noti da ke riƙe da shi ya karye, ƙarfen ya tsaya cik. Na sa wani, ya karye. Na zagi maƙeran Turawa son raina, na ce sun yi ƙaton inji sun tsuke hannu a kan noti. Na ɗauki ƙarfen sifirin na babbar mota na kai wa maƙeri ya fitar mini da notuna masu taurin gaske. Daga ranar ba abin da ya sake karyewa. Sai bayan shekaru wani injiniya ya gaya mini cewa da gangan ake yin notin da taushi, don ya karye ya tsayar da ƙarfen kafin dutse ya kai ga fanka.

Ruwa ya sauko a farkon sanyi, sel ta cika babban lungunmu. Na je wurin umda, mai unguwarmu, na roƙi ya bar ni in nuna abin da zan iya, ya yarda. Da hantsi na shigo da injin yana ruri, sarƙarsa na niƙe tsakuwa, unguwa ta fito kallo, mata na leƙe ta saman gidaje. Yayana ya dawo daga bazan da garwarsa biyu cike, ya sauke su, ya tsaya ta hannun dama yana kore yara da sandarsa, fuskarsa cike da murna. Ta wannan gefen bututun ke kallo, domin hannun juya shi ya ci tsatsa na liƙe shi da walda. Na tura bakin injin cikin laka. Na ji wata ƙara kamar ana zuba tsakuwa a kan kwano, duwatsu suka fito ta bututun da ƙarfin da ban taɓa gani ba. Kafin hannuna ya kai ga makashin injin, yayana yana ƙasa, ya rufe fuska da hannu biyu, ruwan garwarsa na malala a gefensa.

Ido ɗaya ya tafi a ranar. Ɗayan ya yi ta dushewa, kafin aikin hajji ya zagayo shi ma ya rufe. Matarsa tun daga lokacin in na yi sallama sai ta amsa ta shige ɗaki. Shi kuwa da na durƙusa ina neman gafara, sai ya laluba ya dafa kaina ya ce ƙaddara ce, ya gode wa Allah da ba yaron wani ta samu ba. Na so a ce ya zage ni. Injin na mayar da shi inda na ɗauko shi, maigidana bai karɓe ni ba, ni kuma hannuna ya daina yarda da sifana. Gidaje biyu na jiran abinci, don haka na ɗauki sandarsa na nufi bazan.

Na rubuto ne saboda masu hannu irin nawa. Iya tayar da inji bai sa ka san abin da aka yi shi dominsa ba. In wanda ya fito daga inda abu ya fito ya yi maka magana, ka saurara ko da gurasa yake gasawa, in kuma ka ga wani ƙarfe yana ta karyewa a wuri ɗaya, ka tambayi dalili kafin ka ƙara masa tauri. Yayana ya yi sauran rayuwarsa a zaune a ƙofar gida, yana gane tafiyata da ƙarar garwa, yana tambayata ko kafaɗar ta fara sabawa. Na yi masa alkawarin zai ajiye sandar ruwa, ya kuwa ajiye ta.