Dutsen Da Ka Kawar, Yaya

Ranar Laraba, tara ga watan Agusta, da hantsi aka bugo mini waya cewa Allah ya karɓi ran yayana a kan hanyar tsauni. Na Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Har yau in na ji ƙarar tsohuwar mota a ƙofar gida sai na ɗaga kai.

Yaya, kai ka koya mana hanyar nan. Duk hutu sai ka ɗura mu a motarka, mu da yara da tabarma da jarkar ruwa, mu haura cikin daji inda itatuwa ke rufe sama. Ba ka taɓa kai mu da wuri ba. Nan ka tsaya ka nuna mana ragowar ganuwar mutanen da, can ka tsaya a rijiyar da kakanninmu suka haƙa kafin a tashe su daga tsaunin. Yara suka sa maka Baba Tsaya, kai kuwa ka amsa.

Tsayawar da ta fi ba mu haushi ita ce ta duwatsu. Ko ƙaramin dutse ka gani ya gangaro kan titi sai ka taka birki, ka fita, ka mirgina shi gefe. Na sha ce maka, "Yaya, wai kai aka ba kwangilar hanyar nan?" Sai ka kakkaɓe hannu ka ce, "Na bayanmu bai san yana nan ba."

Bana Inna ce damuwarka. Idonta yana ta raguwa, burinta kuma ɗaya ne: ta ga kufan garin da aka haife ta kafin ganin ya tafi duka. Ka yi mata alkawarin Alhamis. Ranar Laraba ka ce bari ka je ka duba ko ruwan sama ya ɓata hanya, kada jijjiga ta taɓa mata baya. A wata kwana mai duhun itatuwa ka tarar da dutse. Kana fama da shi motar katako ta sauko ta buge ka. Waɗanda suka ɗauko ka sun ce dutsen yana gefen titi, ka riga ka kawar da shi.

Na yi fushi, Yaya. Na ce a gidanmu ba mai sake hawa tsaunin nan. Bayan masu gaisuwa sun watse na shiga ɗakin Inna, na tarar da jakarta a ɗaure bakin gado. Na kai hannu zan kwance, ta riƙe ni ta ce, "Bar ta. Ai ya gyara mini hanya. Kai za ka kai ni."

Jiya na kai ta. Kuka ya ƙarasa ɗan ganin da ya rage mata, da hannu ta shafa bangon ɗakin uwarta. Da muka zo kwanar nan ta ce in tsaya, ta shafa dutsen shi ma.

Ina miƙa ta'aziyya ga Inna, da matarka, da 'ya'yanka. Allah ya ba mu haƙuri. Allah ya jiƙanka, ya yalwata kabarinka, ya kawar maka da duk abin da ke kan hanyarka, kamar yadda ka kawar wa waɗanda ba ka sani ba. Amin.