Mintunan Ƙarshe na Kaset ɗin Kaka Tasalla

A ƙauyenmu, kudu da Damagaram, ba a fara tatsuniya sai an gama kai hatsi rumbu. Idan sanyi ya shigo, Kaka Tasalla, mahaifiyar babanmu, takan sa a tara karan gero a tsakar gida bayan sallar magariba, a hura wuta, ita kuma ta zauna a tabarmarta da ƙwaryar gyaɗa a gaba. Mu jikoki mukan kewaye ta, kowa da tsibin gyaɗar da zai ɓare, domin ba ta ba wa mai zaman banza labari. Muryarta ba irin ta sauran tsofaffin mata ba ce. Kauri gare ta, daga ƙirji take tasowa, har wanda ya jingina da bayanta yakan ji maganar a haƙarƙarinsa kafin ta iso kunnensa. Ni ne mai jinginar. Angonta take kirana, kamar yadda kakanni ke tsokanar jikoki, tana cewa tunda ba ni da sadaki, sai in biya ta da ɗumama mata baya.

"Ku matso, wutar ba ta cizo," haka take farawa. "Na zo da wata a bakin zanena. Wa zai karɓa?"

Mu amsa baki ɗaya mu ce mun karɓa.

Wadda ta fi zama a raina ita ce ta wa da ƙane da mahaifinsu ya rasu ya bar wa kowannensu saniya guda. Suka je wurin maƙeri neman ƙararrawar da za su rataya wa shanun. Maƙerin ya ajiye musu biyu. Ɗaya ta tagulla ce, tana ɗaukar ido, ƙararta siririya mai daɗi. Ɗayar ta baƙin ƙarfe ce, mummuna, idan an kaɗa ta sai ka ce tulu aka buga. Wan ya yi wuf ya ɗauki ta tagulla, ya bar wa ƙanen saura. A nan Kaka takan juye gyaɗar a tabarma, ta kife ƙwaryar, ta riƙa dukanta da tushen tafin hannu a hankali, tana cewa, "Kun ji ta? Wannan ita ce tafiyar saniyar ƙane." Ranar da hadari ya tarwatsa garke a daji, ɓarayi suka ji ƙarar tagulla, suka hangi walƙiyarta, suka kora saniyar wan. Ta ƙane kuwa suka wuce ta ba su kula ba. Da iska ta lafa, ƙanen ya kwanta ya ɗora kunne a ƙasa, ya ji dum, dum, daga nesa, ya bi har ya iske abarsa a gindin wata tsamiya.

Iyakar abin da na riƙe ke nan, kuma shekara arba'in na yi ina zaton nan ne ƙarshenta. Na ɗauki darasin na rataya a wuya: kada ka yi walƙiya, kada ka yi ƙara, ɓarawo zai wuce ka. Da shi na yi jami'a, inda na karanta aikin gona ba tare da wani malami ya riƙe sunana ba. Da shi na shigo Sabha ta ƙasar Libiya shekara tara da suka wuce, na sami aikin kula da ban ruwa a wata gona da ke bayan gari. Ba zan ce bai yi mini amfani ba. A garin nan baƙon da ya iya saukar da murya, ya sa tufa marar launi, ya ajiye wayarsa a aljihu, yakan kwana lafiya fiye da wanda bai iya ba. Sai dai shirun ya bi ni har ɗaki. Ina aika wa gida abin da ya sauwaƙa ta hannun mutane, amma kira ya yi mini nauyi. Nakan ce wa kaina ba na son in tayar musu da hankali da labarin nan. Ko gaskiya ce, ko kuwa sabo ne kawai na sa wa riga, ban tsaya na bincika ba.

A watan jiya ƙanwata Hadiza, wadda iyalina ke zaune kusa da ita, ta turo mini saƙon murya mai tsawo. Ashe tana gyaran ɗakin marigayi Kawu Illiya ta tsinci wani kaset a cikin adaka. Kawun nan ya taɓa zuwa Libiya tun muna yara, ya koma da rakoda, ya ɗauki muryar Kaka a wani maraice ba tare da ta sani ba. Hadiza ta kai kaset ɗin birni aka juye mata shi a waya. Ƙarƙashin saƙon ta rubuta, "Ga matarka."

Na kunna a ɗakina da ke unguwar Gurda. Abin da ya fito daga lasifikar wayar ya ba ni kunya a madadin Kaka. Wata 'yar siririyar murya ce, kamar ana magana ta cikin gwangwani. Kalmomin nata ne, tatsuniyar ƙararrawa ce, amma matar ba ita ba ce. Inda take dukan ƙwarya babu komai sai shiru. Bayan an iske saniya a gindin tsamiya kuma, kaset ɗin bai tsaya ba. Ya ci gaba har kusan minti huɗu, ba a jin komai sai shuuu, da wani gunaguni can ƙasa wanda na kasa tantance ko magana ce ko lalacewar zare. Na maimaita wurin ya fi sau goma. Na daɗe da sanin cewa muryar Kaka tana dushewa a ƙwaƙwalwata, ga shi kuma abin da ya rage nata a duniya yana tafin hannuna, na kasa ji.

Ranar Alhamis na nufi shagon Sabi'u, wani Bakano mai sayar da kayan waya a bakin titin unguwarmu. Tsakanin Kanawa da Damagarawa akwai wasa, shi kuwa ba ya bari ya wuce shi.

"A'a, Muhandis, injiniyan ban ruwa! Me ya fito da Badamagare yau? Ko yaƙin kakanninku kuka zo ƙarasawa?"

"Yaƙi ya ƙare tun ranar da kuka kulle ƙofofi kuka shige ƙarƙashin gado. Samma'a nake so, ta sawa a kunne, wadda za ta shiga wayar nan. Mai fito da sautin ƙasa."

"Bas kake nufi. Ikon Allah, furfura ta fara son kiɗa!"

Ya sauko da wata ja mai fitila a gefen kowane kunne, da rubutun ruwan zinariya a bakan da ke bi ta saman kai. Ya ce ita samari ke rububi, idan ka sa ta kamar motar yashi ce ta bi ta ƙirjinka. Na tambaye shi ko so yake in bi ta shingen bincike da wannan a kaina, a manta da tambayar takarduna a koma tambayar inda na samo ta. Ya yi dariya har da buga kanta. Duk da haka na gwada ta da saƙon Hadiza. Dukan ƙwaryar ya fito, amma ya kumbura ya haɗiye maganar, kamar an sa Kaka a rijiya an rufe. Ya miƙo ƙanana na cusawa a ramin kunne, marasa igiya. Waɗannan sun fito da kalmomi tas, sai dai ƙirjin babu, kuma ga caji, a garin da wuta ke tafiya ba sallama.

"Kai wane irin kiɗa ne wannan da komai bai yi masa ba?" in ji shi. "Kawo in ji."

Na miƙa masa. Ya saurara kaɗan, dariyar ta bar fuskarsa. Ya cire a hankali.

"Tsohuwarka ce?"

"Kakata."

"Allah Ya jiƙanta. Ai da ka faɗa tun farko, Malam. Ba ƙara kake nema ba, zurfi kake nema."

Ya durƙusa ya jawo wani kwali daga ƙasan kanta, ya kaɗe shi da gefen riga. Baƙa ce wuluk, ba fitila, ba rubutu, mai igiya, da matasai masu laushi da ke rufe kunne gaba ɗaya. Ya ce ta daɗe a wurinsa domin ba wanda ke waiwayarta. Na sa. Hayaniyar titi ta ja da baya, sannan na ji an ce, "Ku matso, wutar ba ta cizo," a daidai kaurin da na sani, har na ji bayana ya nemi abin jingina. Na tsayar da sautin nan take, domin ba na son Bakano ya sami abin ba da labari a kaina har shekara. Na biya, na tafi da ita.

Washegari bayan an sauko daga Juma'a na rufe ƙofa, na zauna a kan darduma, na kunna daga farko. Ga ƙwarya tana dum, dum. Ga tarin Hadiza, ga fashewar kara a wuta. Aka iske saniya a gindin tsamiya. Sai na ji Kaka ta ce, "Shit, ku yi a hankali. Angona ya yi barci, kullum nan yake kai ni ya yar." Yara suka ƙyalƙyale, ta tsawatar. Daga nan ta sauke murya ƙasa sosai don kada ta tashe ni, ta ci gaba.

Ta ce ƙanen ya koma gida yana murna, ya zauna ya yi tunani. Ya ce tunda ƙarancin ƙara ne ya ceci saniyarsa, to rashin ƙara gaba ɗaya zai fi. Ya yagi tsumma ya cusa a cikin ƙararrawar. Da damina ta zagayo, saniyar ta sake yin nisa. Ɓarawo bai gan ta ba, kura ba ta ji ta ba. "Tana nan da ranta har gobe," in ji Kaka, "tana cin ciyawa, ta yi ƙiba. Shi kuma kullum yamma yana kwance da kunne a ƙasa." Wata murya, ina jin ta Hadiza ce, ta tambaya ko ya gan ta daga baya. Kaka ta ce, "Da me zai gan ta, 'yar nan? Ku tattara ɓawon ku zuba a wuta. Ta ƙare, na mayar da ita bakin zane."

Sautin ya yanke. Ba na so in yi wa kaina rashin adalci: rabin da na riƙe gaskiya ne, shi ya raya ni a ƙasar da ba tawa ba. Amma na gina rayuwar dattijo a kan abin da yaro mai gyangyaɗi ya iya ɗauka. Waɗanda suka ji ƙarshen suna gida, ni da na yi barci ni ne na yi nisa. Na tambayi kaina yaushe rabon 'yata ta ji muryata ba ta bakin wani ba, na lissafa, na ji tsoron amsar. Ɓoyewa daga ɓarawo dabara ce. Ban san ranar da na fara ɓoyewa daga masu nemana ba.

Ban cire samma'ar ba na nemo lambar Hadiza. Ta yi ƙara sau biyu ta ɗauka, numfashinta sama-sama.

"Yaya Sani? Innalillahi. Wa ya rasu?"

"Ba wanda ya rasu, Hadiza."

"To an kama ka ne? Ba ka da lafiya?"

"Lafiyata lau. Kira kawai na yi."

Can na ji ta juya tana ƙwala kira a tsakar gida, ta ce a je a zo da 'yata Mariyama da uwarta maza, a ce su bar abin da suke yi. Sannan ta dawo kan wayar, muryarta ta canza.

"Kada ka kashe, Yaya. Suna zuwa. Yi ta magana kafin su iso, ko me ka ga dama faɗi."