Ƙawanya Mace Ce

Ba zan faɗi sunansa ba. Ban faɗa ba yana da rai, ba kuma yanzu da ƙasa ta rufe shi zan fara ba. Mijina ne na fari, maƙeri, mutumin Karekare daga wajen Nangere. Mu kuwa Kanawa ne, fataucin tufafi ya kawo Baba Potiskum ya zauna. Zamanin Turawa ne, lokacin da manyan motoci suka fara yawa a hanyar Kano zuwa Maiduguri. Ni na ce ina son sa, Baba kuma ya ba shi aurena da hannu biyu, don ya ce bai ga yaro mai riƙon salla da amana kamarsa ba.

Abu ɗaya ne ya hana shi sakat a bakina, Hausarsa. Wayyo Hausar nan! Komai a duniya namiji ne a wurinsa. Akuya ya ci dusa, kaza ya yi ƙwai, Inna ya tafi kasuwa. Ni kaina da muka yi aure "kai" yake ce mini. "Kai Bakanuwa, zo ka ga wani abu." Na ce masa haba maigida, da ɗankwalina da komai? Na tsare shi safe da yamma har bakinsa ya iya ce mini "ke". Nan karatun ya tsaya. Uwarsa, ƙanwarsa, matan unguwa, duk suna nan a "kai". Ni kaɗai ce "ke" a duniyarsa, kuma ba zan ɓoye ba, abin yana yi mini daɗi.

Wani direba ne ya kawo mana bala'in, da sunan alheri. Ya zo a ɗaure masa wani ƙarfe da ya karye a motarsa, da zai tafi sai ya jefa wa maigida wasu ƙusoshi biyu lanƙwasassu, sarƙe da juna. Ya ce a wurin kukun wani Bature ya samo, wasa ne, a raba su ba tare da masaba ko awartaki ba. Maigida ya shigo da su gida yana dariya, wai shi da yake lanƙwasa ƙarfe tun yana yaro. Aka ja, aka murɗa, aka yi gumi, ƙusoshi suka ce ba su san zancen ba. Can da ya gaji ya sassauta hannu, sai ga su sun rabu da kansu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Ya tsaya baki buɗe.

Daga ranar muka kamu. Muka sa wa abin suna ɗaure-kai. Direban in ya biyo yakan kawo sabo, ko ya zana a ƙasa yadda ya ga wani, maigida ya ƙera. In an yi la'asar an kashe wutar maƙera, sai mu shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida, kwandon ƙarafa a tsakaninmu. Abin da muka gane shi ne ƙarfi ba ya yi. Sai ka bi abin a hankali, ka juya, ka saurari inda yake so ya bi, ka kuma tuna hanyar da ka biyo, don mayarwa ta fi cirewa wuya. Ni na fi shi sanyin hannu, shi ya fi ni naci. Matan unguwa suna ta tsegumi wai maƙeri da matarsa sun koma yara. Su suka sani.

Yana da wata al'ada. Ƙarfen da ke sarƙe fursuna yake kiran sa, in ya fitar da shi sai ya ɗaga sama ya ce, "Na sake ka, je ka gida!" Ni kuma bakina ba ya shiru. In ce ƙusa mace ce. In ce sarƙa mace ce. Ya ce wai wa ya leƙa ya gani? Mu yi ta dariya.

Sai direban ya kawo wanda ya fi duka. Ƙarfe biyu ne masu siffar kofaton doki, an haɗa bakinsu da 'yan gajerun sarƙoƙi, ga ƙawanya, wato zoben ƙarfe, a maƙale a tsakiya inda ya tsuke, an kuma ƙara wata sanda da ke tare hanya. Kowane ɓangare ya fi ƙawanyar faɗi. Ka rantse ba ta da mafita. Damina ta shigo ta same shi yana fama, aka yi girbi yana fama. Ni kuwa tun da wuri, wata rana yana maƙera, na fitar da ita, na mayar, na ajiye yadda na samu. Ban gaya masa ba. Ina son in ga fuskarsa ranar da zai ci da kansa. Kullum yana cewa "wannan ƙawanya ya gagare ni," ina cewa ta gagare ka dai, ƙawanya mace ce.

Ranar da abin ya faru na kai masa tuwo da miyar kuka, bai ko ɗago ba. Na zauna, na tashi, na dawo, tuwo ya huce. Na ɗaga murya yadda na saba, ina dariya, na ce, "Kai da wannan ƙawanya taka! In ita ce matarka, to ka sake ni mana ka zauna da ita." Kada wani ya ɗaga mini gira. Babu matar aure a Potiskum da ba ta taɓa faɗin irin wannan cikin wasa ba.

Ban rufe baki ba ƙawanya ta zame ta faɗo a cinyarsa. Ya zabura ya miƙe, ya ɗaga ta sama, ya kwarara ihu da dukan ƙarfinsa: "Na sake ki! Na sake ki! Yau dai na sake ki!" Ya juyo yana haki yana murna, ya ce, "Kin ji, Bakanuwa? Na faɗa daidai."

Na buɗe baki zan yi masa guɗa, sai na ji salati daga zaure. Muryar Baba ce. Ya biyo da wani amininsa, abokin fataucinsa, za su karɓi sakatar ƙofa da suka ba da aiki. Zana ce kawai tsakaninmu da su. Ba su ga ƙawanya ba, ba su ga dariya ba. Sun ji mace ta ce a sake ta, sun ji miji ya amsa har sau uku.

Maigida ya fita da gudu ya durƙusa, ƙawanya a hannu, yana bayani, Hausar ta watse masa gaba ɗaya. Baba bai yi faɗa ba. Da ma ya yi faɗa! Ya kira ni ya ce, "Uwata, ɗauko mayafinki." Haka yake kira na don sunan mahaifiyarsa gare ni. Na ce Baba wallahi da ƙarfe yake. Ya ce, "Ina fata haka ne. Amma kunnena ya ji, kuma ba ni kaɗai ba. Ba zan bar ki ki kwana cikin shakka ba, sai malamai sun duba."

Washegari aka je wurin babban malamin unguwarmu, dattijo mai sanyin magana. Ni ina daga bakin ƙofa da Inna. Maigida ya rantse, ya nuna ƙarafan. Aminin Baba ya karɓa ya jujjuya, ya ce wannan ƙawanya ba ta taɓa shiga nan ba, ko makaho ya shafa ya san ba za ta wuce ba. Malam ya ce to a mayar da ita mu gani. Maigida ya karɓa. Sau ɗaya ya taɓa fitar da ita, cikin murna kuma bai riƙe hanyar ba. Ya juya nan, ya juya can, ƙarfe sai ƙara yake. Raina ya ɓaci, na manta da kunya, na shiga na fizge. Na naɗe kofatan biyu, na kauce wa sandar, ƙawanya ta shige. Na sake juyawa ta fito.

Maigida ya dube ni, ido cike da hawaye, sai ga shi yana murmushi. Ya ce, "Ashe ke kin sani."

Malam ya jinjina kai ya ce ƙarfe dai ya yi gaskiya. Sannan ya juya ga Baba ya tambaye shi, tsakaninsa da Allah, ya taɓa jin surukinsa ya ce wa wani abu "ke" in ba matarsa ba? Na zuba wa Baba ido. Na san ba zai yi ƙarya ba ko za a yanka shi, na kuma roƙi Allah ya yi ƙaryar, sau ɗaya dai a rayuwarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah gafarta Malam, ko uwar da ta haife shi kai yake ce mata. Mutum ɗaya yake ce wa ke."

Na yi ta ihu ina cewa ni na koya masa, wata da watanni ina gaya masa ƙawanya mace ce, jiya ne kawai Allah ya ba shi sa'a. Malam ya bari na gama. Ya ce, "'Yata, abin da ke zuciyarsa Allah ne ya sani. Ni abin da kunne ya ji zan bi. Ke kika nema da bakinki, shi ya amsa da nasa, ga shaidu biyu." Saki uku. Babu komawa gidansa sai na auri wani, wanin kuma ya rabu da ni don kansa.

Da muka fito, ƙawanyar na cikin tafin hannuna, ban ma sani ba. Shi ya tafi da kofatan. A hanya Baba yana gaba yana share ido da hannun riga, ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar. Na yi fushi da shi shekara da shekaru, na yi fushi da malam, da direban, da Baturen da ban taɓa gani ba, da ita kanta Hausar da ta rasa abin yi sai raba ƙarfe maza da mata.

Bayan idda wasu suka zo mini da shawarar auren kisan wuta, a samo wanda zai aure ni ya sake ni da gangan. Na yarda nan take. Shi ne ya aiko ƙanwarsa ta ce mini a'a, ba zai yi wa Allah wayo ba. Na zage shi tas a gabanta, na shiga ɗaki na yi kuka har muryata ta dushe.

Daga baya na auri wani manomi a Gadaka, da yardata. Ba zan ɓata shi ba, mutumin kirki ne. Amma a farkon zamanmu, Allah ya yafe mana, babu irin tsiwar da ban yi masa ba ko zai gaji. Na ƙona tuwo, na mayar da magana, na yi yaji. Bawan Allah sai ya yi murmushi ya ce gobe ma rana ce ta gyara. Kalmar da ta fito wa wancan cikin murna, wannan ko da fushi ta ƙi fito masa. Har 'ya'ya suka zo, na haƙura, na zauna. Ƙawanyar na saka ta a ƙasan kwallata. Ban ƙara taɓa ɗaure-kai ba.

Ana cikin maganar Turawa za su tafi, sai ga ƙanwar maƙerin a Gadaka, ta tsufa ita ma. Tun daga sallamarta na gane ya rasu. Ciwon ƙirji ne, bai daɗe a kwance ba. Ta kwance bakin zanenta ta ajiye mini kofatan nan biyu, sun yi sumul don shafa. Ta ce shi ya ce a kawo mini. Na tambaye ta ko ya ci gaba da wasan. Ta ce ina, ƙarafan kwandon ma ya narkar ya yi fartanya da su, wannan kaɗai ya bari. Ya yi aure daga baya, sun zauna lafiya. Sannan ta ce, "Amma Yaya, har ya koma ga Allah bai ƙara ce wa wata mace ke ba. Matarsa ta yi ta gyara masa har ta gaji. Ya ce shi Hausarsa ta ƙare."

Da ta tafi na buɗe kwalla na ɗauko ƙawanyar. Ta yi tsatsa, na goge ta da man gyaɗa. Na ɗauka hannuna ya manta, ashe bai manta ba. Na naɗe kofatan, na kauce wa sandar, ta koma wurinta. Abin da ya gagari malam da Baba da dukan dattawan unguwa, ga shi ya yiwu a cinyata kafin ruwan tuwo ya tafasa, amma wanda zan nuna wa ba ya nan.

Tana rataye a ɗakina yanzu. Jikokina in sun zo hutu sukan sauke ta su yi ta ja, su ce Kaka, wai da gaske tana fita? In ce tana fita. Su ce to nuna mana. Na san hanyar sarai, ko ido rufe. Amma ni ba zan sake ta ba.